Dan Allah mi ne ne gwajin IHC da likita ya ce sai an yi wa naman innarmu?

Ummu Haidar, Jega

Assalamu alaikum 'yan'uwa, dan Allah masu aikin asibiti ku taimaka mani da bayani don wallahi kanmu ya ɗaure a gida. Innarmu ce, ƙanwar mamanmu, ta daɗe tana jin ƙullutu a nononta na hagu tana ɓoyewa, sai da abin ya fara girma sannan ta faɗa, munka kai ta asibiti anka yanki ɗan nama anka tura gwaji, sakamako ya fito an ce sankarar mama ce. To mun karɓi ƙaddara, mun zaci yanzu sai a fara magani, sai kuma likita ya ce akwai sauran wani gwaji da ake ce ma IHC, wai sai an yi shi zai san irin maganin da zai ɗora ta a kai. Ya rubuta ER, PR, HER2 a takarda ya ce mu je ɗakin gwaji mu karɓo bulok a kai inda ake yi. Likitan yana da kirki amma mutane sun yi mashi yawa rannan ban samu na tambaye shi da kyau ba.

Ita Inna tunda ta ji an ce wani gwaji take kuka, ta ɗauka za a sake yankan ta ne. Kawunmu kuma ya kafe a kan cewa neman kuɗi ne kawai, ai an riga an ce sankara ce to mi kuma ake nema, kuma shi ne zai biya shi ya sa maganarshi ke da nauyi. Ni dai so nake in fahimci abin nan da Hausa yadda zan zaunar da su in yi masu bayani. Mi ne ne bulok ɗin, mi za a gani a ciki wanda gwajin farko bai gani ba, kuma in an ƙi yi mi zai faru? Allah ya saka da alheri.

Ɗan Kabi Lab

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba Inna lafiya ya sa kaffara ne. Aikina ke nan a ɗakin gwajin nama, bari in yi maki bayani gwargwadon hali.

Da farko ki kwantar mata da hankali ba wanda zai sake yankan ta. Naman nan da anka cira tun farko ba a yar da shi ba, mun jiƙa shi a fomalin, ruwan da ke hana nama ruɓewa, mun tsotse ruwan jikinshi da giya ta gwaji mataki mataki, sannan munka zuba mashi narkakken kaki irin na kyandir ya daskare da shi a ciki. Wannan ɗan dunƙulen kakin da bai kai kwalin ashana ba, mai lamba a jikin robarshi, shi ne bulok. Daga jikinshi ake sheme yanka siriri ƙwarai, kaurin kusan maikiron 4, wato ki raba milimita ɗaya gida 1000 ki ɗauki huɗu, a ɗora a gilashi. Kuma bulok in an aje shi da kyau yana yin shekaru ana komawa gare shi.

Gwajin farko da anka yi rini biyu ne, ɗaya shuɗi ɗaya ruwan hoda, su ke nuna wa likitan nama fasalin ƙwayoyin halitta, ya ga sun fita tsari ya ce wannan sankara ce, ga irinta ga matakin muninta. Amma mata biyu za su iya zuwa da sankarar da ke kama ɗaya sak a madubin ɗakin gwaji mai girmama ƙananan abubuwa alhali abin da ke ciyar da ita daban ne. Abin da ke bambanta su wasu furotin ne da ke cikin ƙwayar ko a jikin fatarta, kuma wancan rinin ba ya nuna su. Nan ne IHC ke shigowa.

Kin san jikin mutum in cuta ta shige shi yana ƙera sojojin kariya da muke ce ma antibodi, kowane ɗaya abu guda ya sani, shi kaɗai yake kamawa. To masana sai sunka yi dabara, ana ƙera antibodi a jikin zomo ko ɓera wanda furotin ɗaya tak yake nema, misali ER. Kamar dai Bafillace ya shiga kara cike da shanu fari fat, ke duk ɗaya kike ganin su amma shi kai tsaye zai je ya dafa tashi. Sai mu ɗiga wannan antibodin a kan yankan naman mu bar shi ya zauna, in furotin ɗin na nan ya manne, in babu ruwan wanki ya tafi da shi. Sai mu ɗiga na biyu wanda shi aikinshi ya kama na farkon, kuma yana ɗauke da wani sinadari a jikinshi, daga nan mu zuba wani ruwa da ake ce ma DAB, duk inda sinadarin nan yake sai wurin ya rine ruwan ƙasa. A ƙarshe mu ɗan ba sauran naman shuɗi don a ga fili. Da ka leƙa madubi sai ka ga abin gwanin sha'awa duk da dai ba abin farin ciki ake nema ba, in ER ne ko PR tsakiyar ƙwayoyin ne ke yin ruwan ƙasa ɗigo ɗigo, in HER2 ne gefen ƙwayar ne ke rinuwa ya zagaye ta gaba ɗaya.

Kuma ki gaya wa Kawu abin ba sabo ba ne balle a ce yanzu anka ƙirƙiro shi don a ci kuɗin mutane. Wani likita Albert Coons a Amurka tun 1941 ya fara liƙa wa antibodi launi mai ƙyalli ya gano ƙwayar cutar nimoniya a cikin nama. A 1975 Köhler da Milstein a Ingila sunka gano yadda za a riƙa samar da antibodi iri ɗaya tsantsa ba gauraye, har anka ba su kyautar Nobel a 1984. Yau duk duniya ba a tsara maganin sankarar mama yadda ya kamata sai da waɗannan ukun da likita ya rubuta maku.

Wurin kai bulok ɗin, ku sa shi a ambulan ko 'yar roba mai murfi, a jaka a inuwa. Kar a ba direba ya jefa shi gaban mota a gilashi, kakin yana narkewa a wajen digiri 56 zuwa 58, kuma kin san ranar Kebbi in ta bugi mota a rufe. Ba ya buƙatar ƙanƙara. Ku haɗa da kwafin sakamakon farko, ku duba lambar da ke jikin bulok ta yi daidai da ta takarda kafin ku bar wurin, kuma in an gama ku nemi a dawo maku da shi.

Tambaya ɗaya gare ni Hajiya, kuma ita ce ta fi damuna. Ranar da anka ciri naman, cikin mi anka sa shi, kuma ya daɗe kafin ya isa ɗakin gwaji?

Ummu Haidar, Jega

Kai Malam Allah ya biya ka, wallahi na karanta wa Inna ta waya har ta yi ajiyar zuciya da ta ji ba yanka. Batun naman kuwa, a wata 'yar kwalba anka ba yayana da ruwa a ciki, ya ce ruwan na da wari mai hawa ido, kuma tun a ɗakin tiyata anka sa shi. Amma da yake yamma ta yi sai da ya kwana a gida washegari ya kai. Wannan zai ɓata wani abu ne? Don yanzu kuma gabana ya faɗi.

Ɗan Kabi Lab

A'a Hajiya kar ki damu, warin nan mai sa hawaye alamar fomalin ce, kuma in tun a tiyata anka tsoma shi to kwana ɗaya a cikin kwalba ba komai ba ne. Ƙa'idar ita ce nama ya shiga fomalin kafin awa 1 da cire shi, ya zauna a ciki aƙalla awa 6, kar ya wuce awa 72.

Dalilin da ya sa na tambaya, abin da muke gani ne yake ƙona mani rai. Za a cire wa mace nono gaba ɗaya a wani ƙaramin asibiti, a dunƙule shi a leda ko a tura shi a bokitin da bai ishe shi ba, a ɗan yayyafa fomalin a sama, wani lokacin ma ruwan gishiri na ƙarin ruwa ne ko sifirit, a miƙa wa dangi. Su kuma bayin Allah ba su sani ba, sai sun haɗa kuɗin mota, naman ya yi mako a ɗaki. Fomalin kuwa a hankali yake ratsa nama, wajen milimita 1 a awa, to in ba a tsattsaga babban nama ba kafin ya kai tsakiya inda ƙullutun yake wurin ya riga ya ruɓe. Ka yanka ka tarar waje ya yi tauri fari fari, ciki kuma jajir luguf. Furotin ɗin ER ba ya jure wannan, lalacewa yake. Sai a yi gwaji ya fito babu, alhali akwai, a hana mace maganin da zai taimake ta shekaru. Duk ƙwarewar mai gwaji da tsadar antibodinshi ba za su gyara abin da ya lalace a awowin farko ba. Shi ya sa duk nas ko ma'aikacin tiyata da ke karanta wannan, dan girman Allah, fomalin kashi 10, wato kashi 1 na mai ƙarfin a cikin kashi 9 na ruwa, in an samu wanda anka daidaita tsaminshi ya fi, yawanshi ya ninka naman sau 10, a roba mai faɗin baki, a rubuta lokacin da anka cire da lokacin da anka tsoma. Wannan rubutun na minti ɗaya yana da daraja ƙwarai.

Likita Maman Iman

Sannu ƙanwata, Allah ya ba ta lafiya. Malam ya gama da ɓangaren ɗakin gwaji, ni bari in ɗora da abin da za ku gani a takardar da kuma amsar tambayarki ta ƙarshe, ta me zai faru idan an ƙi yi.

ER da PR furotin ne a cikin ƙwayar waɗanda homon ɗin mata, wato sinadarin jikin mace, ke kamawa. Idan ƙwayoyin sankarar suna da su, ke nan homon ɗin jikinta ne ke taimaka musu su hayayyafa, sai mu toshe hanyar. Ana ƙirga ƙwayoyin da tsakiyarsu ta rinu, idan sun kai kashi 1 cikin 100 ana cewa akwai, amma tsakanin kashi 1 zuwa 10 muna ɗaukarsa a matsayin kaɗan ne, ba ma dogara da shi sosai. Maganin da aka fi sani shi ne tamoksifen, ƙwaya ce ta miligiram 20 sau ɗaya a rana, shekara 5 wani lokaci har 10, kuma idan aka kwatanta da sauran magungunan sankara yana da sauƙin kuɗi sosai. Idan Inna ta daina al'ada akwai wasu irin su letrozol da likitanta zai iya zaɓa. To ki duba, idan ba a yi gwajin ba abu biyu ne, ko dai a hana ta wannan magani alhali zai yi mata amfani, ko a ba ta shi da ka ta yi ta sha shekaru ba ya yi mata komai sai illolinsa.

HER2 kuma lamba ake ba shi, 0, 1+, 2+ ko 3+. Idan 3+ ne, wato sama da kashi 10 na ƙwayoyin sun rinu da ƙarfi zagaye da gefensu, to akwai. 0 da 1+ ana lissafa su babu. 2+ shi ne mai wahala, tsaka-tsaki ne, sai an ƙara wani gwajin da ke ƙirga ƙwayar gadon kanta, ana ce masa FISH, kada ku yi mamaki idan an ce muku haka kuma kada Kawu ya ce ga shi nan an sake. Wajen kashi 15 zuwa 20 na masu sankarar mama ne ke da HER2, irin ta tana da saurin yaɗuwa, amma akwai allurar da aka yi dominta, trastuzumab, wadda aka fi sani da Herceptin, an amince da ita a Amurka tun 1998. Abin sha'awar ma ita kanta allurar antibodi ce, furotin ɗin da aka rina a gilashi shi take zuwa ta kama a jikin mara lafiya. Yawanci duk mako 3 ake yi har shekara guda, ana kuma duba zuciya lokaci lokaci. Ba zan ɓoye miki ba tana da tsada ƙwarai ko da yanzu an samu wasu kamfanoni na yin irinta da ɗan rangwame. To iyali su sayar da gona su sayi wannan allura ba tare da an tabbatar akwai HER2 ba, wannan ita ce asarar kuɗi ta gaskiya, ba kuɗin gwajin ba.

Idan kuma duka ukun suka fito babu, to kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara, shi ne ginshiƙin magani tare da tiyata, da gasa wurin da hasken na'ura idan ya kama. An daɗe ana cewa matan Afirka ta Yamma sun fi samun wannan nau'in, kuma akwai gaskiya a ciki, amma wani ɓangare na yawan da ake gani daga lalacewar naman ne kamar yadda Malam ya faɗa. Shi ya sa ni idan na ga sakamako ya zo duka babu, abin da nake fara dubawa shi ne ko mai rahoton ya ce lafiyayyun bututun nono da ke gefen ƙullutun sun rinu. Su dama a ɗabi'arsu wasu ƙwayoyinsu suna da ER. Idan sun rinu sankarar ba ta rinu ba, na yarda babu ne. Idan su ma fari fat, to ina shakkar naman ko gwajin, sai in nemi a sake a wani bulok ɗin. Wataƙila ku ga an ƙara Ki-67 a takardar, wannan yana nuna yawan ƙwayoyin da ke cikin rabuwa ne, wato saurin girman abin.

Shawarata ki tafi da Kawu wurin likitan ya ji da kunnensa, dattawanmu idan aka ba su girmansu aka yi musu bayani suna saukowa. Kuma ku tambayi likitan ko akwai abin da za a fara kafin sakamakon ya dawo, kada ku koma gida ku yi shiru wata da watanni.

Hajiya Ta Gwandu

Ɗiyata Ummu Haidar ki gaishe mani da Innarku, ki ce mata wata 'yar'uwarta da ta bi wannan hanyar tana gaishe ta. Ni ma anka yi mani wanga gwaji, nawa ER ya fito akwai, HER2 babu. An cire mani nonon, na sha kemo gashina ya zube ya dawo, yanzu ƙwayar nan da Likita ta faɗa nake sha kullum bayan sallar isha'i don kar in manta, na aje ta kusa da tazbaha. Tana sa ni jin zafi ya taso mani kwatsam in yi ta gumi ko da sanyi ake, balle watan azumi in ya faɗo a bazara, amma wallahi abin jurewa ne, ina zuwa biki ina zuwa suna ina ɗaukar jikokina. Likitana ya ce in na ga jini ko ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo in zo da sauri kar in jira ranar asibiti.

Abin da nake so in gaya maki, mutane za su zo. Wannan ya ce kar a bari ƙarfe ya taɓa ta, wannan ya kawo garin magani a shafa, wannan ya ce akwai wani mai magani a ƙauye kaza. Duk don ƙauna suke yi, amma na san mata biyu da munka fara zuwa asibiti tare sunka bi wannan sunka dawo abin ya fashe. Ku yi addu'a ku yi sadaka ku sha rubutunku, amma kar ku saki asibiti. Kuma ki riƙa raka ta da kanki kina rubuta abin da likita ya ce, don mai ciwo in ta shiga ɗakin nan rabin maganar ba ta ji.

Baban Dabbobi, Zuru

Allah ya ba da lafiya. Ni ma'aikacin lafiyar dabbobi ne, na ga ana maganar rini da antibodi na ce bari in sa baki don mu ma da shi muke gane haukan kare, sai dai namu mai ƙyalli ne irin na Coons da Malam ya ambata. Ana ɗan dangwala ƙwaƙwalwar karen a gilashi, a kafe ta da asiton mai sanyi, a ɗiga antibodin da aka liƙa wa launi, a duba a madubi na musamman a ɗaki mai duhu. In cutar na nan za ka ga ɗigo ɗigo kore shar suna haske a cikin duhun. Cibiyar binciken dabbobi ta Vom a Filato suna wannan gwajin.

Amma mu akasin ku ne, mu ba ma son fomalin ko kaɗan a wannan gwajin, sanyi muke so. Kan karen a sa shi a cikin kula mai ƙanƙara. Matsalar da muke samu in kare ya ciji yaro matasa kan taru su farfasa masa kai da sanda, ko a jefar da shi a rana, kafin mu zo ba abin da za a gwada. Kar kowa ya taɓa kan da hannu, a kira mu. Kuma wanda aka ciza kar ya zauna jiran sakamako, a wanke ciwon da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15 a wuce asibiti a fara allura ranar, don in alamu suka bayyana kusan ba a tashi.

Abdul_Anatomi

Slm, Allah ya ba Inna lafiya. Malam Ɗan Kabi dan Allah ka yi haƙuri in ɗan raɓa da tawa tambayar tunda na same ka. Ni ɗalibi ne ina aikin binciken kammala karatu, hantar ɓerayen lab da ƙodarsu nake rinawa, amma duk silaid ɗin da na yi, wato gilashin da ake ɗora yankan nama a kai, gaba ɗaya yake komawa ruwan ƙasa, har wuraren da bai kamata ba, na waɗanda aka ba magani da na waɗanda ba a ba ba duk iri ɗaya, ga kuma wasu yankan suna ɓallewa daga gilashi in na tafasa su. Antibodin kuma ɗan kaɗan ne ya rage, haɗa kuɗi muka yi mu uku muka saya, in ya ƙare shi ke nan. Me zan duba?

Ɗan Kabi Lab

Abdul ƙanena ka tsaya kar ka sake ɗiga antibodin nan ko ɗigo ɗaya sai ka yi abin da zan gaya maka, don hanta da ƙoda su ne mafi rigima a wannan aikin.

Ka yanki silaid uku daga bulok guda. Na farko kar ka sa mashi kowane antibodi, DAB kawai. In ya yi ruwan ƙasa to sinadarin da ke cikin naman kanshi ne ke rina shi, hanta da ƙoda da jajayen ƙwayoyin jini cike suke da shi, maganinshi haidurojin faroksaid kashi 3 na minti 10 kafin komai, kuma ya zama sabo, wanda ya daɗe a buɗe ya zama ruwa. Na biyu ka tsallake antibodi na farko ka sa sauran duka. In wannan ne ya rinu to matsalar daga na biyun ne ko kayan haɗinshi. Duba kwalin, in tsarin abidin da bayotin ne to hanta da ƙoda suna da nasu bayotin mai yawa, sai ka toshe shi ko ka nemi tsarin folima. Ka kuma duba a jikin wace dabba anka ƙera na farkon, in na ɓera ne kai kuma naman ɓera kake rinawa, na biyun zai bi ya kama antibodin da ke cikin naman tun asali, shi ya sa na zomo ya fi maka sauƙi. Na ukun ka yi komai cikakke. In biyun farko sun fito tas shi kaɗai ya rinu ko'ina, to antibodin ya yi kauri, kuma wannan albishir ne gare ku don in kun ƙara tsarma shi zai daɗe. In takardarshi ta ce 1 cikin 100, kai ka gwada 1 cikin 200 da 1 cikin 400 ka gani. Kafin shi ka toshe da ruwan jinin dabbar da anka yi na biyun a jikinta, yawanci akuya, na minti 30.

Sai bushewa. Daga lokacin da ka cire kakin har ka gama kar naman ya bushe ko na ɗan lokaci, in ya bushe komai manne mashi yake, za ka ga gefen yankan ya fi duhu. Lokacin hunturu kafin ka juya ya bushe, ka samu roba mai murfi ka shimfiɗa jiƙaƙƙen tishu a ƙasa ka jera silaid a kan sanduna ka rufe, ka kashe fanka. DAB kuma kar ka zuba ka tafi hira, ka tsaya a madubi kana kallo, da launi ya fito ka tsoma a ruwa, kuma da safar hannu don ana zargin yana jawo sankara.

Ɓallewar yanka kuwa gilashin ne, silaid na yau da kullum ba ya riƙe nama in an tafasa, ka nemi mai caji ko ka shafa mashi abin riƙo, ka gasa yankan a digiri 60 na awa guda kafin ka fara. Tafasawar ba a barin ta don fomalin ɗaure furotin yake ya ɓoye wurin da antibodi zai kama, zafi ne ke kwance shi, tun 1991 ake wannan dabarar. Amma ruwan sitret mai pH 6 ya fi sauƙi a kan nama bisa ga mai pH 9, ka fara da shi in takardar antibodin ta yarda, tukunyar firesha minti 3 bayan ta fara huci ya isa, sannan ka bar su su huce a cikin ruwan minti 20, kar ka tsamo su da zafi. Antibodin yana ina yanzu, firij ɗin naku na samun wuta dare da rana? Digiri 2 zuwa 8 yake so, in wutar na yankewa ku roƙi masu firij ɗin sola na allurar rigakafi ko na bankin jini su aje maku. Ka yi silaid ukun nan ka ɗauko hotonsu ta bakin madubi ka turo in gani.